Mai Wanki da Kwalbar Sanyi

Duk layin da Mai Wanki aka san ta, kuma baƙo in ya ji sunan sai ya ɗauka kayan mutane take wankewa. Ba ta taɓa wahalar da kanta wajen gyara wa kowa ba. Hoto take wankewa, a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke bayan shagon mijinta, mai famfo ɗaya, da tire-tiren roba a jere, da igiyar shanya, da ƙwan fitila mai rauni wanda ba a taɓa canza masa wuri ba. A nan ta ƙare ƙuruciyarta, a nan ta yi goyon 'ya'yanta tana aiki, har suka girma suka watse.

Mijin nata ba irin masu hoton nan ba ne da za su ƙyasta maka, kafin ka gyara wuyan riga sun miƙo. Tun yana saurayi ya koyi wata tsohuwar hanya a hannun dattijon da ya yi wa aiki. Za a shafa wa takarda gishirin ƙarfe da buroshi, ta bushe, a ɗora fim babba a kanta, a danne da gilashi, a fitar tsakar gida rana ta yi aikinta. Irin wannan hoton ba ya koɗewa. Sai dai takardar ta gaji ta mutu, amma fuskar da ke jikinta tana nan. Shi ya sa masu zuwa wurinsa ba su da yawa, amma duk wanda ya zo, da fuskar da ba ya so ya rasa yake zuwa.

Gishirin dai suna ne kawai, ba na miya ba ne. Kowanne narkakke ne a cikin 'yar kwalba mai duhu da bututun ɗigo a bakinta. Akwai na baƙin ƙarfe, wanda ya ce ɗan aike ne: shi ke karɓar saƙon rana ya miƙa wa manya, daga nan a wanke shi a kore shi, don in an bar shi sai takarda ta yi rawaya. Ranar da ya yi mata wannan bayanin ta ce, "Wato ni ke nan a gidan nan." Ya ce a'a, ita ko an wanke ba ta fita. Manyan su ne faladiyam da filatinam. Bakinta bai taɓa sabawa da sunayen ba, sai ta raɗa musu nata. Faladiyam ita ce kwalbar ɗumi, don hotonta yakan fito ruwan ƙasa, kalar shayin da ya ji ganye, fatar mutum ta yi kamar jini na gudu a ƙarƙashinta. Filatinam ita ce kwalbar sanyi, baƙinta na gawayi, haskenta na toka. Ta dace da dutse da gini da tsohon ƙarfe. Sai wata mitsitsiya ta ruwan zinare, wadda duk da sunanta ba ja take sa hoto ba, ɗigo guda ya isa ya karkata shi wajen shuɗi.

Gwanintar mutumin a haɗin take. Mutum zai shigo shagon, kafin su gama gaisawa ya riga ya san yawan ɗumin da fatarsa ke so da ɗan sanyin da zai tsayar da ita. In an tambaye shi ma'auninsa sai ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ba shi da faɗa, ba shi da rowa, rigarsa ɗaya za ta yi shekaru bai damu ba. Za ka iya kushe shayinsa, ka kushe muryarsa, ya taya ka dariya. Amma kada ka taɓa masa idonsa.

Abin da mutane ba su sani ba, idon ne ma ya haɗa su. Mahaifiyarta zare take sayarwa a kusa da teloli, kuma tun tana 'yar mitsila ita ake ba wa guntun yadi ta nemo zaren da ya dace da shi. Wata rana wani dogon saurayi ya zo neman baƙin zare, zai ɗinke mayafin da yake lulluɓa da shi a bayan kyamara. Ta ce, "Wane baƙin?" Ta jera masa baƙaƙe a gabansa, wani mai ja-ja, wani mai shuɗi-shuɗi, wani mai ƙasa-ƙasa. Ya tsaya yana kallon zaren, sannan ya koma kallon mai zaren. Mayafin nan ya dinga yagewa duk mako, har mahaifiyarta ta ce in dai ba ɓera ya ajiye a shagon ba, ya turo manyansa.

Da suka yi aure sai aikin ya rabu da kansa. Haɗin gishiri da shafawa da shanyawa a rana nasa ne. Wanki nata ne: ita ke kwarara ruwan magani a kan takardar, hoto ya bayyana nan take, ta bi shi da wankin da zai fitar da ɗan aiken, ta ɗauraye, ta shanya. Shi sai ya bushe yake gani. Doka ɗaya ya kafa mata, cewa ruwan maganin ya zauna daidai da sanyin ɗaki. Da kansa ya gwada mata dalili, tire biyu, ɗaya mai sanyi ɗaya mai zafi, hoto iri ɗaya. Na ruwan zafin ya fito da ɗumi fiye da yadda aka haɗa shi. Ya ce, "Kin gani ko? Zafi ƙarya yake yi wa gishiri. Ni na zaɓi kala a tebur, ba na son wani ya sake zaɓa mini a famfo." Ta ce to, kuma ta riƙe to ɗin nan har 'ya'yansu suka yi aure.

Abin ya fara ne a hankali, yadda irinsa ke farawa. Wani direba ya kawo hoton mahaifiyarsa, tsohuwa mai fara'a da wushirya. Mai Wanki ta kwarara ruwa, fuskar ta fito, ta ga ta ɗan yi fari-fari, kamar matar ta kwana da zazzaɓi. Ta ɗauka laifin takarda ne. Da ta leƙa shagon sai ta ji maigidan yana mita shi kaɗai, wai masu sayar da faladiyam sun ɓata sana'arsu, na yanzu ja ya yi masa yawa, dole sai ya ƙara kwalbar sanyi. Bayan kwana biyu ya ce bangon shagon ya yi rawaya, a nemo mai fenti, alhali warin sabon fentin bai gama barin hancinta ba. Ya shiga goge tabarau ba dare ba rana. In ya fita tsakar gida da gilashi sai ya kare fuska da hannu, ya ce ranar bana ta fi ta bara ƙarfi.

Ita kuwa ta taɓa ganin wannan. Mahaifiyarta a ƙarshen rayuwarta haka ta dinga miƙa wa teloli farin zare tana rantsuwa ruwan madara ne. Yanar ido ce ta rufe mata gani, kuma yanar nan in ta fara, duniya duka takan koma rawaya-rawaya ga mai ita. Mijinta yana ganin ja a inda babu ja, yana kashe shi da sanyi.

Ta gwada ta lallaɓa. Tana zuba masa shayi ta ce, "Malam, ko mu je a duba tabaran nan? Ya kwana biyu."

"Tabarau lafiyarsa lau. Faladiyam ne ya lalace."

Bai ɗaga murya ba. Amma ta ga hannunsa ya ƙanƙame kofin, ta kuma ga abin da ke bayan maganar, tsoro ne tsagwaronsa. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da mota, ba shi da sarautar komai. Idon nan shi ne duk abin da yake taƙama da shi a gaban maza. Tausayinsa ya cika ta, ta bar maganar.

Washegari ta shiga ɗakin wanki da filas ɗin shayi a ƙarƙashin zane. Ta zuba ruwan zafi a kwano, ta tsoma kwalbar maganin a ciki ta ɗan ɗauki ɗumi, ta kwarara a kan sabuwar takardar da ya shafa wa mahaifiyar direban. Tsohuwar ta warke sumul. Direban da ya zo karɓa ya tsaya yana kallo har idonsa ya kawo ruwa, ya ce wallahi haka take, har kamar za ta yi masa faɗa. Maigidan ya karɓi yabon yana murmushi. Da mutumin ya fita sai ya juyo ya ce mata, "Shi dai bai san hoto ba. Ni ina ganin jan da ya rage. Na gaba zan ƙara sanyi."

Haka aka shiga tsere a gida ɗaya, mutum ɗaya ne kawai ya san ana yi. Ya ƙara filatinam, ta ƙara zafi. Ya jawo kwalbar zinare ya ɗiga, ta bar filas ta koma risho. Ɗakin wankin ya koma yin tururi, ta dinga buɗe 'yar tagar sama tana tari a ɓoye, in ya tambaya ta ce ƙura ce. Kwalbar sanyi da a da takan yi shekara ba ta ƙare ba ta koma ƙarewa kafin a ankara, shi kuma yana ta ɗora wa masu sayarwa zunubin da ba su ji ba ba su gani ba. Gaskiya ba ta kyauta ba, don duk ranar da ta gyara hoto, ta ƙara nesanta shi da likita. Ta san haka, kuma yana cin ta. Amma wanda bai taɓa son mai girman kai ba, kada ya yi saurin sa baki.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, sai Auta, ƙaramar 'yarsu, ta haifi 'ya mace a can wani ɓangaren gari. Mai Wanki ta haɗa kayanta ta tafi taya ta zama. Maigidan ya zo da kyamararsa niƙi-niƙi, ya sa aka ɗage labulen taga, ya ɗauki jaririyar tana barci a hannun uwarta. Da zai tafi ta raka shi bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka jira in dawo mu wanke tare." Ya ce to. Sai dai to ɗin sabon kaka ba abin dogaro ba ne.

Ba a yi mako ba ya dawo da hantsi, da abu a naɗe cikin farar takarda, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Shi ya haɗa, shi ya shafa, shi ya wanke, da ruwa mai sanyin ɗaki yadda doka ta ce. Mai Wanki na ganin ƙunshin ta gane abin da ya faru. Ta miƙa hannu ta ce a ba ta ta ajiye, ya ce ina, na mai jego ne.

Auta ta warware takardar tana dariya. Dariyar ta tsaya. Jaririyar da ke cikin hoton idonta a rufe, leɓenta toka-toka, kumatunta shuɗi-shuɗi, babu ɗigon jini a fatarta.

"Baba," ta ce, "me ya sa ta yi haka? Kamar ba rai."

Ta kife hoton a kan gado, ta sunkuci 'yarta ta kara kunne a ƙirjinta, sannan ta fashe da kuka.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ke Auta, wane irin ba rai? Ai ni gani nake ma ya so ya yi ja." Surukinsa, mijin Auta, ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Dattijon ya dubi wannan, ya dubi wancan, daga ƙarshe ya dubi matarsa, wadda ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan kala ba a iya saninsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce, "Malam, zo mu fita."

A barandar baya suka tsaya, kusa da igiyar da aka shanya kayan jaririya.

"Yana ce a idonka," ta ce. "Irin ta mahaifiyata. Jan da kake gani ba a takarda yake ba."

Ya juyo ya dube ta. "To sauran fa? Mutane suna ta yabo. Kin ji su da kunnenki."

"Ina ɗumama ruwan."

"Tun yaushe?"

"Tun mahaifiyar direban nan."

Ta ga yana lissafin fuskokin da suka wuce ta shagon tun daga lokacin, da godiyar da ya karɓa, da bayanin da ya dinga yi wa mutane a kan haɗinsa yana buga ƙirji. Ya cire tabaran, ya dube shi, ya mayar. Ya ce, "Kin bar ni ina ta rawa a kasuwa ba wando." Ya sauka matakala yana lalube da ƙafa, kuma sai a ranar ta lura da yadda yake lalubawa.

Da ta koma gida ta tarar da shagon a rufe, kwalaben duk an kwashe an sa a kwali. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Ladabi ya shiga yi mata irin na baƙo. In ta kawo abinci ya ce an gode, in ta ce ya yafe mata ya ce ba komai. Sunan Mai Wanki, wanda shi ya laƙaba mata da bakinsa, ya daina fita daga bakin. Takan zauna a ɗakin wanki tana kallon busassun tire-tire, tana cewa a ranta garin neman gira ta rasa ido. Ta so ta tsare masa mutuncinsa, ga shi ta rasa yardarsa, kuma ba ta ga hanyar da za ta dawo ba.

Wata safiya surukin ya zo da mota. Ashe dattijon ne ya kira shi da kansa, bai gaya mata ba. Ta yafa mayafi ta shiga bayan motar ba tare da an gayyace ta ba, shi ma bai ce ta fita ba. Likitan ya duba ya ce yanar ta nuna sosai, za a yi ido ɗaya yanzu, ɗayan sai wannan ya warke. Ranar aikin ta wuni a bencin asibiti, ba ta iya sa ko ruwa a bakinta ba.

Da aka cire audugar suka dawo gida, bai nufi ɗaki ba. Ya buɗe shagon ya tsaya a tsakiya yana ƙifce-ƙifce. Ya ce, kamar da kansa yake, "Ashe bangon nan fari ne." Sannan ya ce ta kawo masa hoton jaririyar. Tun ranar yana ƙasan jakarta a kife. Ya rufe tsohon idon da tafin hannu, ya duba da sabon. Sai ya nemi kujera ya zauna.

"Wannan na kai wa 'yata," ya ce. "Tana jego."

Ya ajiye hoton. Ya jawo durowar da yake ajiye kwafi ɗaya na kowane aiki, ya fara daga mahaifiyar direban ya yi gaba. Malamin makaranta da matarsa, tagwayen mai gyaran agogo, wata ma'aikaciyar jinya da ta ajiye aiki, wani tsoho da kyanwarsa. Kowanne sai ya rufe wannan idon ya duba, ya rufe wancan ya duba. Ita tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa.

Ya ɗaga na ma'aikaciyar jinyar. "Na tuna haɗin wannan. Ko dutse aka yi wa shi sai ya nemi bargo. Ya aka yi ta fito daidai?"

"Ta fi sauran cin zafi. Sai da ruwan ya kusa tafasa."

"Wato ba zafi ɗaya kike yi musu ba?"

"Kowa da nasa, Malam. In mutum ya shigo kuna gaisawa, sai in leƙo ta labule in riƙe kalarsa a raina."

Ya sake bin hotunan da kallo, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Babu ko ɗaya da ya kauce. Sannan ya ɗago ya dube ta da sabon idon, ya daɗe yana kallo, har ta fara gyara ɗankwali.

"Yaushe kika yi furfura haka?"

"Tana nan tun tuni. Kai ne kake rina mini ita kyauta."

Dariya ta ƙwace masa, ta juye ta zama wani abu daban, ta yi maza ta riƙe masa hannu tana cewa likita ya hana a murza idon. Suka tsaya a haka, tsofaffi biyu a cikin shago, tana share masa kumatu da bakin mayafinta tana yi masa faɗa, nata hawayen kuma ba mai share mata.

Da ya natsu ya tashi ya jawo kwalin. Ya jera kwalaben a tebur, ya fito da fim ɗin jaririyar da sabuwar takarda da ɗan kofin haɗi. Sannan ya ja kujerarsa baya, kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba tun da aka kawo ta gidan, ya nuna mata.

"Wannan idon ja yake nuna mini, wannan kuma komai shuɗi-shuɗi. Ban yarda da ko ɗayansu ba tukuna. Zauna."

Ta zauna a ɗarare. Duk shekarun nan ba ta taɓa riƙe bututun ɗigo ba. "Nawa zan sa?"

"Ni kike tambaya? Ni kallo ɗaya na yi mata, shi ma ta cikin hazo. Ke kika yi kwana da kwanaki kina rungume da ita. Ke kika san kalarta."

Ta miƙa hannu ta ɗauki kwalbar ɗumi. Shi kuwa ya jingina da bango, ya rufe idanun duka biyu, sabon da tsohon, yana sauraren ɗigon yana sauka a cikin kofi.